Kotun wa, dokar wa, kuma dukiyar tana ina?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ara min ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna game da yadda jaridu ke kawo labarin shari'o'in da suka tsallaka iyaka, irin wanda mutanen wata ƙasa zasu kai ƙarar kamfani a kotun wata ƙasar daban. Duk sanda irin wannan labari ya fito kanun ɗaya ne, wai talakawa sun kayar da katafaren kamfani a kotun Landan, jama'a su hau murna ana ta tura wa juna a waya, alhali in ka zauna ka bi hukuncin a hankali sai kaga ko fara shari'ar ba a yi ba, abin da kotu tace kawai shine eh ina da hurumin saurarenku, ku shigo. Tsakanin ku shigo da ga haƙƙinku kuwa akwai tafiya mai nisa, kuma mutane da yawa a hanya suke mutuwa, ba da wasa nake faɗa ba.

Ɗauki kes ɗin mutanen Ogale da Bille na yankin Neja Delta a Najeriya da kamfanin Shell. A 2015 suka shigar da ƙara a Ingila kan malalar mai da ta ɓata musu ruwa da gonaki, Babbar Kotu ta kore su a 2017, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake korarsu a 2018, sai a Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya tace a'a, akwai abin dubawa a maganar cewa uwar kamfanin tana da hannu a yadda reshenta ke gudanar da aiki, don haka a saurare su. Sama da shekara biyar kenan ana ja-in-ja a bakin ƙofa, asalin shari'ar kuma ta wa ke da laifi da nawa za a biya an kai ta 2027. Kafin su akwai mutanen Zambiya su 1,826 da suka yi ƙarar kamfanin haƙar ma'adinai na Vedanta kan gurɓatar ruwa daga mahaƙar tagulla ta Nchanga, kuma hukuncin da aka yanke musu a Afrilun 2019 yana da wani abu da ba kasafai ake faɗa ba. Alƙalin da ya rubuta shi, Lord Briggs, yace a gaskiya Zambiya ce ta fi dacewa da wannan shari'a, can abin ya faru, can shaidu suke, can takardu suke. Abin da ya sa aka bar ta a Ingila shine mutanen talakawa ne futuk, ba tsarin da zai ɗauki nauyin lauyoyinsu a gida, kuma ba tawagar lauyoyi mai ƙarfin da zata iya ɗaukar kes mai girman wannan ta ja da kamfani irin wannan. Wato talaucinsu ne ya buɗe musu ƙofar, ba wai kotun Ingila ta ce ita uwar kowa ce ba. Daga ƙarshe ma sulhu aka yi a farkon 2021 kamfanin bai amsa laifi ba.

Kuma ita ƙofar tana buɗewa tana rufewa gwargwadon siyasa. Lokacin da Birtaniya ke cikin Tarayyar Turai in dai wanda kake ƙara mazaunin Ingila ne alƙali bashi da ikon ce maka tafi ƙasarku can ya fi dacewa, kotun Tarayyar ta toshe wannan tun 2005. Suna fita daga Tarayyar ikon ya dawo hannun alƙalai, shi ya sa a 2023 Babbar Kotu ta ce wa wasu ma'aikata 'yan Nepal da Bangladesh da ke zargin an sa su aikin tilas a masana'antun da ke yi wa Dyson kaya a Malesiya su koma Malesiya, sai a Disambar 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan, kuma hujjar dai kusan irin ta Zambiya ce, wa zai ɗauki nauyin shari'ar a can. A Amurka kuwa ƙofar ƙara tsukewa take yi wa baƙi, tun hukuncin Kiobel na 2013 zuwa na Nestlé na 2021 Kotun Ƙolinsu cewa take abin da ya faru a waje a bar shi a waje sai in yana da alaƙa mai ƙarfi da ƙasarsu.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutane suna zaton in kotun Jamus ko ta Ingila ta karɓi ƙararka shikenan dokar Jamus ko ta Ingila za a yi maka hukunci da ita, kuma sam ba haka bane. Ƙa'idar da Turai ke bi tun dokar da suke kira Rome II ta 2007 ita ce a maganar ɓarna dokar ƙasar da ɓarnar ta auku ake ɗaukowa, har da wa'adin shigar da ƙara. Ga abin da wannan ke nufi a aikace. A Satumbar 2012 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Ali Enterprises a Karachi, sama da mutum 250 suka mutu, babban mai sayen kayan masana'antar kuma kamfanin KiK ne na Jamus. Wasu daga cikin iyalan mamatan da wani da ya tsira suka shigar da ƙara a Dortmund a 2015, kotu ta karɓa, har tallafin kuɗin shari'a aka basu, aka yi ta rubuce-rubuce cewa tarihi ya kafu. A Janairun 2019 kotun ta kori ƙarar ba tare da ta taɓa maganar laifi ba ko kaɗan, dalili wai a dokar Pakistan wa'adin shigar da irin wannan ƙara ya riga ya wuce. Alƙalin Jamus ne, a ɗakin kotun Jamus, amma agogon Pakistan ya duba. Haka manoman Neja Delta huɗu da suka kai Shell ƙara a Holan a 2008, dokar Najeriya kotun Hague ta yi amfani da ita ta basu gaskiya a Janairun 2021, lokacin wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, a ƙarshen 2022 aka daidaita a kan yuro miliyan 15. Haka ma madatsar Mariana ta Brazil da ta ɓalle a Nuwambar 2015 ta kashe mutum 19, masu ƙara sama da dubu 600 a Landan, a 2020 wani alƙali ya yi watsi da kes ɗin yace ya fi ƙarfin sarrafawa, a 2022 aka dawo da shi, a Nuwambar 2025 aka samu kamfanin haƙar ma'adinai na BHP da alhaki, kuma da dokar Brazil aka same shi, nawa za a biya kuma wani zaman ne daban.

Wani abin da zai baka mamaki, a kotun Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta dokar wata ƙasa ba a ɗauke ta a matsayin abin da alƙali ya sani ba, kai ne zaka kawo ƙwararre ya ba da shaida a kanta kamar yadda ake kawo likita ya yi bayanin rauni, ɗaya ɓangaren shima ya kawo nasa ƙwararren ya faɗi akasin haka, duk da kuɗinku. Kes ɗin Brownlie ya nuna wannan ƙarara. Sir Ian Brownlie babban malamin dokar ƙasa da ƙasa ne, ya rasu a hatsarin mota a Masar a Janairun 2010 shi da 'yarsa, a wata fita yawon buɗe ido da matarsa ta kama musu gurbi ta waya daga Ingila ta hannun otal ɗin Four Seasons na Alƙahira. Matar ta shigar da ƙara a Ingila, aka je har Kotun Ƙoli a 2017 sai aka gano kamfanin da ta yi ƙara ba shine ke gudanar da otal ɗin ba, aka dawo aka canza suna aka sake hawa, a Oktoban 2021 Kotun Ƙoli tace eh akwai hurumi tunda raɗaɗin abin da asarar sun biyo ta har Ingila, amma dokar Masar ce zata yi aiki, kuma a wannan matakin za a iya ɗauka tana kama da ta Ingila har sai an kawo hujjar saɓanin haka. Wannan fa matar masanin doka ce mai hali da manyan lauyoyi, shekara goma sha ɗaya bayan hatsarin tana kan tambayar wace kotu. To ina ga matar direban.

Yanzu a ce ka haye duk wannan, ka ci shari'a, takardar hukunci na hannunka da hatimi. Nan ne ni a ganina aka fi yin sakaci wajen faɗa wa mutane gaskiya, hukuncin kotu ƙarfinsa a bakin iyakar ƙasar yake tsayawa, in wanda ka kayar bashi da ko kujera a ƙasar to takarda kawai ka riƙe, dole ka ɗauke ta ka bi dukiyarsa inda take ka roƙi kotun can ta amince da ita. Ba kes ɗin da ya kai na Chevron da mutanen Ekwado nuna wannan. A New York aka fara shigar da ƙarar a 1993 a kan Texaco, wanda Chevron ta saye daga baya, saboda gurɓatar mai, kamfanin da kansa ya dage cewa Ekwado ce wurin da ya dace, kotun Amurka ta yarda ta tura su gida. Suka koma gida suka samu hukunci a 2011 wanda daga baya ya tsaya a dala biliyan 9.5, sai dai kamfanin bashi da wata dukiyar kirki a Ekwado. Suka nufi Kanada, Kotun Ƙolin can tace a 2015 ana iya saurarensu, a 2018 kotun Ontario tace reshen Chevron na Kanada mutum ne daban a idon doka ba za a taɓa dukiyarsa don bashin uwarsa ba, Brazil ma ta ƙi, Ajantina ma ba a dace ba. Kuma don adalci dole a faɗa, wani alƙali a New York ya yanke a 2014 cewa da maguɗi da cin hanci aka samo hukuncin na Ekwado, masu sasanci a Hague ma suka faɗi irin haka a 2018, saboda haka ba wai zalunci ne zalla daga gefe ɗaya ba. Amma mutanen da ke zaune kusa da ramukan man fa, su ba su rubuta hukuncin ba, ba su ba kowa cin hanci ba, sun gudu ba su tsira ba.

Manyan 'yan kasuwa sun daɗe da magance wa kansu wannan matsalar. Tun 1958 suke da yarjejeniyar New York wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, in kun rubuta a kwangila cewa masu sasanci ne zasu raba ku to hukuncinsu yana bin mutum kusan ko'ina a duniya. Hukuncin kotu na yau da kullum, wanda shine na mai ƙaramin ƙarfi, bashi da irin wannan gatan. Tun 1992 aka fara ƙoƙarin samar masa a taron Hague, abin ya watse, aka tsira da wata 'yar ƙarama a 2005 wadda ita ma ta masu kwangilar da suka zaɓi kotu ce tun farko, sai a Yulin 2019 aka kammala babbar. Ta fara aiki ranar 1 ga Satumban 2023 tsakanin Tarayyar Turai ban da Denmark da kuma Yukren, Uruguay ta biyo baya a 2024, Birtaniya ranar 1 ga Yulin 2025, ita kam dole ce ta sa ta don fitarta daga Tarayyar ya raba ta da tsarin da hukuncinta ke wucewa Turai ba tambaya, ta nemi shiga yarjejeniyar Lugano mai irin wannan aikin aka ƙi ta. Amurka ta sa hannu a 2022 amma sa hannu daban tabbatarwa daban. Malaman fannin sun yi ta yabon yarjejeniyar kuma ta cancanci yabo, sai dai in ka karanta jerin abubuwan da aka cire daga cikinta jikinka zai yi sanyi, ba aure, ba saki, ba ciyarwa, ba gado da wasiyya, ba ɓata suna, ba jigilar fasinja da kaya. Kusan duk abin da ke kai talaka kotu an ajiye shi gefe.

Inda ba yarjejeniya kuma sai a koma tsohuwar ƙa'idar nan ta in ka yi min in yi maka, kowace ƙasa tana jira ɗayar ta fara. China ta daɗe a kan sai ka nuna mata kotunku ta taɓa amincewa da hukuncinta, a 2016 kotun Nanjing ta karɓi wani hukuncin Singafo, a 2017 ta Wuhan ta karɓi na Kalifoniya, daga ƙarshen 2021 suka sassauta, a 2022 kotun harkokin ruwa ta Shanghai ta amince da hukuncin Ingila a kes ɗin Spar Shipping. Daular Larabawa ma haka, sai da kotun Ingila ta zartar da wani hukuncin Dubai a kes ɗin Lenkor sannan ma'aikatar shari'arsu ta rubuta wa kotunan Dubai a Satumbar 2022 cewa to yanzu an yi mana sai mu rama. Abin kamar maƙwabta biyu da kowa ke jiran ɗan'uwansa ya fara gaisuwa, a tsakani kuma masu bin bashi na tsufa.

In kana son ganin cewa dukiya ce ke mulki ba takarda ba duba abin da ya faru da bankin UniCredit. Sun yi kwangila da wani kamfanin Rasha mai suna RusChemAlliance, aka rubuta dokar Ingila ce zata yi aiki, in an samu saɓani kuma a je sasanci a Faris. Da takunkumi ya shigo bayan ɓarkewar yaƙin Yukren kamfanin ya yi biris da wannan ya tafi kotun St Petersburg, don tun 2020 Rasha ta yi dokar da ta ba kotunanta hurumi a kan duk rikicin da takunkumi ya shafa ko me aka rubuta a kwangila. Bankin ya ruga Landan, a 2024 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar masa da umarnin hana kamfanin ci gaba da shari'a a Rasha, lauyoyi suka yi ta sharhi a kan hukuncin. Ba a rufa shekara ba, a Fabrairun 2025, bankin da kansa ya dawo yana roƙon kotun Ingila ta janye umarnin da ya sha wahala ya samo, saboda kotun Rasha tace in bai yi haka ba zata ci shi tarar yuro miliyan 250, shi kuma yana da dukiya a Rasha inda hannunsu ke kaiwa. Kotun ta janye masa.

Duk wannan maganar kamfanoni ce, amma wallahi inda abin ya fi ciwo cikin gida ne, don yanzu da wuya ka samu dangin da ba su da wani a wata ƙasa. Mace zata iya zama sakakkiya a ƙasa ɗaya matar aure a wata a rana ɗaya, ta yi idda ta gama ta sake aure ta haihu, sannan wani ma'aikacin ofishin biza ya ce mata ai auren farko yana nan. A Birtaniya dokar 1986 tace ba sakin da aka yi a cikin ƙasar da zai yi aiki sai na kotu, amma tana karɓar sakin da aka yi a waje in an bi matakan hukuma na can, misali a Pakistan inda dokar 1961 ta sa miji ya sanar da shugaban ƙaramar majalisar yankinsa a jira kwana 90. To ga tarkon, in mijin ya furta sakin yana zaune a Ingila sannan ya aika takardar sanarwar Pakistan, kotun Ingila tace wannan bai yi ba tunda rabin abin a nan aka yi rabi a can, da ya hau jirgi ya je can ya furta da ya yi. Lafazi ɗaya, niyya ɗaya, bambancin kawai inda ƙafarsa take. A Jamus ma akwai kes ɗin Sahyouni, ma'aurata 'yan asalin Siriya masu takardar zama 'yan Jamus, wakilin mijin ya furta saki a kotun shari'a ta Latakiya a 2013, aka kai har kotun Tarayyar Turai wadda tace a Disambar 2017 dokarsu ta saki bata shafi sakin da ba hukuma ce ta yanke shi ba, aka dawo Jamus, a 2020 babbar kotunsu tace sakin bai yi ba a wurinsu. Shekara bakwai mutum biyu basu san matsayinsu ba.

Gado kuma sai wanda ya gani. A yawancin ƙasashen Tarayyar Turai tun 17 ga Agustan 2015 dokar ƙasar da mamaci ya saba zama ce ke raba dukiyarsa duka, sai in ya rubuta a wasiyya cewa ya zaɓi dokar ƙasar da yake ɗan ƙasarta, layi ɗaya ne rak amma mutum nawa suka san da shi. A Ingila kuwa gida da fili dokar inda suke ce ke binsu, kuɗi da sauran abin da ake ɗauka kuma dokar inda mamacin ya ɗauka mazauninsa na dindindin, sai kaga dukiyar mutum ɗaya an raba ta da doka biyu ko uku, 'ya'ya suna zargin juna alhali ba wanda ya ci amanar wani. Kuma ko ka zaɓi dokar ƙasarku alƙali yana da wata ƙofar baya, zai iya cewa wannan ya saɓa wa ginshiƙin tsarinmu bazan zartar ba. Faransa ta yi wani abin dariya a nan. A 2021 suka yi doka cewa in dokar waje bata tanadar wa 'ya'ya kaso na dole ba to ɗa zai iya cike gurbinsa daga dukiyar da ke Faransa, kuma a muhawarar da aka yi kowa ya san rabon gado na Musulunci ake hari, wai don kare 'ya'ya mata. Masana suka ce musu ku tsaya, ai shi rabon Musulunci kaso na dole ne da shi ga ɗa da 'ya, uba bashi da ikon hana su, dokar da ke barin uba ya ba wanda yaga dama ya hana 'ya'yansa ita ce ta Ingila da ta yawancin jihohin Amurka. Sai ga shi Turawan Ingila masu gidaje a Faransa ne suka fi kowa kuka har da kai ƙorafi Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai.

Su malaman jami'a ba a ce basa aiki ba. Da can fannin nan na shari'o'in da suka tsallaka iyaka kusan na Turai da Amurka ne kaɗai, littafin Joseph Story na Amurka a 1834, na Savigny na Jamus a 1849, sauran duniya sai kwafa, har yau ƙasashe da dama da Ingila ta mulka suna aiki da kwafin dokokinta na 1920 da 1933 a kan hukuncin waje. Yanzu abin ya fara canzawa, Richard Frimpong Oppong ya tattara na ƙasashen Afirka rainon Ingila a 2013, shi da Chukwuma Okoli suka fitar da na Najeriya a 2020, Jan Neels a Johannesburg ya jagoranci tsara ƙa'idojin Afirka na zaɓen doka a kwangilolin kasuwanci, a Singafo ma an fitar da na Asiya kan amincewa da hukuncin waje a 2020. Ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, suna da kotu ɗaya a Abidjan wadda hukuncinta ke aiki a cikinsu duka, Larabawa suna da yarjejeniyar Riyad tun 1983. Ƙorafina da su shine hankalin ya fi karkata inda kuɗi yake. Yanzu abin da ake yayi shine a ina bitcoin yake zaune, kotunan Ingila sun ce inda mai shi yake, hukumar gyaran dokokinsu ta fitar da takardar neman ra'ayi a kai a 2025, taro kan taro. Ban ce ba shi da amfani ba, amma bazawarar da ke son kotun wata ƙasa ta gane takardar sakinta, ko marayun da gidan ubansu ya maƙale a ƙasar da basu taɓa zuwa ba, matsalarsu ba ta zurfin ilimi bace, ta tsada ce, kuɗin fassara, kuɗin hatimi, kuɗin ƙwararren da zai zo ya rantse ya gaya wa alƙali abin da ke rubuce a dokar da kowa zai iya buɗewa a intanet.

Kuma akwai hanya mai sauƙi da ba sabuwa ba. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya san babin wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, malaman Malikiyya sun yi bayaninsa dalla-dalla, yadda alƙalin wani gari zai rubuta wa na wani garin abin da ya tabbata a gabansa, da yadda za a gane hatiminsa da rubutunsa, don kar mai haƙƙi ya sake ɗauko shaidu daga farko. A zamanin nan ma an gwada makamancinsa, ƙasashen Majalisar Turai, wato Council of Europe ba Tarayyar Turai ba, suna da yarjejeniyar Landan ta 1968 wadda kotu zata aika tambaya a kan dokar wata ƙasa hukumar can ta amsa, a 2010 kuma Kotun Ƙolin New South Wales ta Ostireliya ta ƙulla da ta Singafo cewa in tambaya ta taso a kan dokar ɗayansu ana iya tura ta can alƙalan can su amsa, ta yi makamancin haka da New York a shekarar. Ba sai an jira ƙasashe ɗari sun tabbatar da komai ba, manyan alƙalai biyu ne zasu zauna su sa hannu. Irin wannan nake so in ga an faɗaɗa shi ya shafi saki da riƙon yara da gado tsakanin ƙasashen da mutanensu ke yawan auren juna da zama a wurin juna, a sa wa'adin amsa, a ce wata uku, kuma kar a ɗora kuɗin a kan wanda ya zo neman haƙƙinsa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wani mai bibiyar shafin shari'a